Ƙanina ya canza gaba ɗaya tun da aka soki abokinsa a makaranta, dan Allah ku ba ni shawara

Maman Hanifa, Nasarawa Gwong:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku yi haƙuri da dogon rubutu na rasa wanda zan gaya wa ne. Ƙanina ne ɗan shekara 16 yana SS2 a wata sakandare a nan cikin Jos, zangon da ya wuce faɗa ya kaure a bakin get ɗin makarantarsu bayan an tashi, wasu yaran sara-suka suka biyo wani ɗan ajinsu kuma aminin sa ne tun firamare, a gaban idonsa aka soki yaron, shi ne ma ya riƙe shi a cikin keke napep har asibiti. Yaron ya rayu alhamdulillah, amma namu ne bai dawo daidai ba.

Yaro ne mai surutu da tsokana wlh, da in yana gida sai kin ce dan Allah yi mana shiru, yanzu sai ya wuni a ɗaki. Ba ya barci sai wajen asuba, in ya yi kuma sai ya zabura yana zufa yana kiran sunan abokin. Ranar nan yara suka fasa nokawut a layinmu sai ga shi a bayan ƙofa ya dafe kunne jikinsa na rawa. Farar rigar makarantarsa da jini ya taɓa an wanke an goge amma ya ƙi ko kallonta, da safe kullum ciwon ciki ko ciwon kai don kar ya je makaranta. Ga saurin fushi, har ya ɗaga wa Mama murya abin da bai taɓa yi ba.

Mama ta ce shafar aljanu ce an yi ruƙiyya an sha rubutu. Baba kuma cewa yake iskanci ne da lalaci, ai ba shi aka soka ba, namiji ba ya haka. Makarantar ko kira ba su yi ba. An haura wata uku yanzu kuma WAEC na tafe baɗi. Me zan yi? In na ce asibitin ƙwaƙwalwa mutanen unguwa za su ce ya haukace.

Malam B, Angwan Rogo:

Wa alaikis salam Maman Hanifa, Allah ya ba shi lafiya. Ni malamin sakandare ne kuma wannan da kika faɗa muna ganinsa a aji, sai dai ba ma kiransa da sunansa. In aka yi faɗa a makaranta abin da ake yi shi ne a kori masu laifi a kira taron iyaye a ƙara maigadi, shi ke nan magana ta ƙare, babu mai waiwayar yaran da suka tsaya suka gani. Kusan kowace sakandare a takarda akwai malamin ba da shawara amma ki je ki duba, an ɗora masa lissafi ko Ingilishi aji huɗu, yaushe zai zauna da yaro?

Kuma ba a nan kaɗai ba ne. An sace ɗalibai a Chibok 2014 'yan mata 276, Dapchi 2018 su 110, Ƙanƙara a Disambar 2020 sama da yara 300, Jangebe da Kagara da Islamiyyar Tegina duk a 2021, Kuriga 2024. In an sako su a sa musu sabbin kaya a ɗauki hoto da gwamna, bayan sati biyu an manta, alhali yaran nan yanzu suke fara jinyar. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu tun 2015, har taron duniya a kanta aka yi a Abuja a 2021, amma abin bai sauko cikin aji ba.

Shawarata ki je da kanki ki ga fom mastansa, ba firinsifal ba tukuna. Ki roƙa a daina dukansa kan makara ko rashin aikin gida na ɗan lokaci, a bar shi ya riƙa fita ta wata ƙofar in akwai, kuma a saya masa sabuwar riga dan Allah a ɗauke waccan.

Abban Sadiq:

Gsky ni ina ganin ku dage da addu'a kawai. Asibiti ƙwaya za su ɗora shi a kai ya zama sai da ita, mu da muka taso cikin rikicin garin nan wane likita muka gani? Azkar safe da yamma, Falaƙi da Nasi, zai warware insha Allah.

Anti Nas, Rikkos:

Abban Sadiq kar a bar azkar ko na kwana ɗaya, amma ai Manzon Allah SAW ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, wa zai ce masa mai raunin imani? Kuma mu da muka taso cikin rikicin ba duka muka warke ba, ka duba matasan da ke kwana kan tiramadol da kodin a lunguna, da yawansu barci suke nema ba maye ba.

Maman Hanifa ni nas ce kuma na yi aiki a ɓangaren masu taɓin hankali da damuwa. Ba zan ce ga ciwonsa daga rubutu ba sai likita ya gan shi, amma abubuwan da kika lissafa sun yi kama da abin da likitoci ke kira PTSD, wato firgicin da ke zama a jikin mutum bayan ya ga tashin hankali. Ba sai shi aka soka ba, gani da ido ma ya isa, wannan ki gaya wa Baba a hankali. Abin da ke faruwa shi ne lokacin haɗari jiki na sakin sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri don mutum ya gudu ko ya kare kansa, to a wasu mutanen bayan haɗarin ya wuce jikin bai yarda ya wuce ba, ƙara kaɗan sai ya koma ranar. Shi ya sa nokawut, shi ya sa rigar, shi ya sa ciwon cikin safe kuma ciwon na gaske ne ba ƙarya yake ba. Yawancin mutane cikin makonnin farko abin ke lafawa da kansa, in ya wuce wata ɗaya yana hana barci da karatu to lokacin ganin likita ya yi.

Ku je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ku yanki kati a ɓangaren marasa lafiya na yau da kullum za a tura ku, babu wanda zai gan ku ya san wurin wa kuka zo. In kuna da 'yan uwa a Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Kuma ga yaro irinsa maganin farko zama ne da ƙwararre ana magana mataki mataki, ana koya masa yadda zai saita numfashi da tunkarar abin da yake gudu kaɗan kaɗan, ƙwaya sai in likita ya ga dole. Abin da nake tsoro shi ne a je kemis a sayo masa maganin barci, wannan ne ke kama mutum. Sannan tun Janairun 2023 akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu wadda ta maye tsohuwar ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a ɓoye sirrinsa a kuma mutunta shi.

A gida kar a taru a kansa ana gaya mana me ya faru, kar kuma a hana shi in ya fara. Ki ce masa kawai na san ba ka barci, ina nan duk sanda ka so. Amma in ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana rabar da kayansa, ko kin ga yanka a hannunsa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum ya yi, ki kwashe wuƙa da fiya-fiya da magunguna, kar a bar shi shi kaɗai, asibiti a ranar.

Ɗan Gangare:

Yaya Maman Hanifa rubutunki ya taɓa ni sosai. Rikicin Nuwamban 2008 ina sakandare, abin da na gani a hanyar dawowa gida ba zan rubuta shi a nan ba. Shekaru ina jin ƙaurin taya in an ƙona sai ƙafafuna su mutu, in na shiga masallaci sai sahun da ke kusa da ƙofa, a gida kuma ana ce min miskili. Babu wanda ya tambaye ni komai. Wani kawuna mai gyaran rediyo ne ya riƙa jana shagonsa bayan la'asar, ya miƙo min waya da dalma ya ce riƙe nan, bai taɓa cewa yi magana ba, a wurin na fara maganar da kaina ina kallon allon rediyo ba fuskarsa ba. Likita sai da na girma na yi aure matata ta matsa sannan na gani, kuma na ji daɗin zuwan sosai, da na samu tun ina 16 da ban yi asarar shekarun nan ba.

Yanzu ina horar da yara ƙwallo da yamma, Musulmi da Kirista har daga Tudun Wada wasu ke zuwa, kuma in yaro ya shigo fili na kan gane wanda bai yi barci ba tun kafin ya ɗaura takalmi. Ba na cewa abin da ya same ni alheri ne, amma ya ba ni idon da ba ni da shi da. Ƙaninki fa shi ya riƙe abokinsa har asibiti lokacin da manya suka watse, akwai wanda ya taɓa ce masa sannu da ƙoƙari kuwa? A gaya masa, kuma daga bakin Baba zai fi shiga. Ki kuma lura da waɗanda yake bi yanzu, don yaro mai tsoro ne ya fi saurin ɗaukar wuƙa ya ce kare kai yake, haka sara-suka ke samun sabbin yara.

Maman Hanifa, Nasarawa Gwong:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wlh har na yi kuka. Ɗan Gangare babu wanda ya ce masa sannu, faɗa ma aka yi masa wai me ya tsayar da shi a wurin. Na karanta wa Mama abin da Anti Nas ta rubuta ta ce a je amma ba za a bar ruƙiyyar ba, na ce babu damuwa. Baba ne matsalar, zan sa Yaya babba ya same shi bayan isha'i don ni ba zai saurare ni ba. Anti dan Allah shi yaron me zan ce masa, in na ce likitan ƙwaƙwalwa wlh ba zai bi ni ba.

Anti Nas, Rikkos:

Kar ki yaudare shi ki ce kasuwa za ku, in ya gane ba zai ƙara yarda da ke ba. Ki ce za mu ga likita kan rashin barcin nan da firgitar, gaskiya ce ai, kuma ki bar shi ya zaɓi wanda zai raka shi ke ko Yayan. Ku fita da sassafe don layi, ki rubuta a takarda yaushe abin ya fara da duk abin da aka ba shi ya sha har na gargajiya, in likita ya ce ki ɗan fita ya gan shi shi kaɗai ki fita. Abokin nasa da aka soka ma ki yi wa mahaifiyarsa wannan maganar.