Yaya ake gane ainihin yawan mutanen da suka halarci gangamin siyasa?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Duk lokacin kamfen sai ka ji jam'iyya ta ce mutum miliyan ɗaya suka zo gangaminta, 'yan adawa kuma su ce ko dubu ashirin ba su cika ba. Akwai hanyar auna abin nan kuwa?

Mai Safiyo:
Wa'alaikumus salam. Akwai. Ka fara auna filin a Google Earth, manhajar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, ka cire wurin mumbari da rumfar manyan baƙi da inda aka ajiye motoci. Abin da ya rage sai ka ninka shi da yawan mutanen da ke tsaye a murabba'in mita ɗaya. Herbert Jacobs, malamin aikin jarida a Berkeley ta Amurka, shi ya fito da ma'aunin a shekarun 1960: in da sarari tsakanin mutane, kusan mutum 1, in an matsu, 2 zuwa 3, in ko juyawa ba a iya yi, wajen 4. Filin ƙwallo mita 105 ne da 68, wato murabba'in mita 7,140. A cika shi maƙil, mutum 28,560 ne, sai a haɗa da na kan kujeru. Miliyan ɗaya sai an sami fili 35 irinsa.

Hajiyar Zariya:
Malam ya faɗi gaskiya, amma wurin ninkawar ake yin kuskure. Gaban mumbari ne kawai ke cushewa, baya kuwa mutane a warwatse suke. A raba hoton gida-gida, kowane gida da nasa lissafin. Hoton da aka ɗauka daga mumbari ba ya aunuwa, domin kawuna suna rufe gurabe. Sai wanda jirgi maras matuƙi ya ɗauka daga sama kai tsaye, kuma a san ƙarfe nawa aka ɗauke shi.

Baban Ummi:
Rigimar ta daɗe. A gangamin da Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam, ya shirya a Washington a 1995, hukumar wuraren shaƙatawa ta Amurka ta ce mutum 400,000 suka zo, masana a Jami'ar Boston suka ce kusan 837,000. Gangamin "miliyan biyu" na goyon bayan Abacha a Abuja a 1998, a lissafin Mai Safiyo, sai da fili 70. Masu shirya taro su kula: cunkoso in ya wuce mutum 5 a murabba'in mita, turmutsutsu ya kusa. A gangamin PDP na Fatakwal a Fabrairun 2011 mutum 11 suka rasu a hakan.