Tayar da tsohon kan jirgin wasa na Lionel: shawarwarin masu gyara

Masu gyaran kawunan jiragen ƙasa na wasa da kamfanin Lionel na Amurka ya ƙera tsakanin 1945 da 1969 sun haɗu a kan magana ɗaya: kada a jona wa wanda ya daɗe a ajiye wuta kafin a buɗe shi. Tsohon giris yakan daskare ya riƙe giya, sai injin lantarkin da ke juya tayoyin ya yi zafi. A wanke shi tas, a sa sabo kaɗan, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowane gatarin taya. Yawan mai ya fi rashinsa ɓarna, domin yana malala kan burushi (ƙananan sandunan da ke kai wa injin wuta) da farantin tagullar da suke gogawa. A goge farantin, a sakace ramukansa da tsinken sakace, a canza burushin da ya cinye.

Sun hana soson ƙarfe, kuma da gaskiyarsu: kawunan jirgi masu tsarin Magne-Traction suna da maganaɗisun da ke sa taya ta kama layin dogo, ɓurɓushin zai manne ciki.

In jirgi ya ƙi juya baya, na'urar E-unit mai sauya masa alkibla ake fara zargi. Taransifomar da ke ba jirgin wuta kuwa, a duba wayarta ko ta tsattsage. In don wutar Amurka aka yi ta, wuta mai ƙarfin volt 230 za ta ƙone ta, sai da na'urar rage wuta.