Me ke tayar da ciwon sikila da sanyi?

Yayar mai sikila: Assalamu alaikum. Duk hunturu ƙanena yakan kwana yana kukan ƙafafu. Me ke faruwa a jikinsa?

Malamin jinya: Wa'alaikumus salam. Idan iskar oksijin ta ragu, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ƙashin da jini bai kai masa ba ya kama zogi. Sanyi kuwa tsuke hanyoyin yake ƙara yi.

Wata uwa: 'Yata, ki riƙa ba shi ruwa sosai.

Malamin jinya: Gaskiya ne, Hajiya, ƙishi yana kaurara jini. Jajayen ƙwayoyin jininsa kuma ba sa wuce kwana 20 suke mutuwa, maimakon kwana 120 na mai lafiya, shi ya sa idanunsa kan yi rawaya.