Feshin rigakafin mura a hanci: in bari a yi wa Sadiq?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara muka dawo Ingila daga Kano. Asibitin unguwarmu sun turo saƙo in kai Sadiq, mai shekara 3, a fesa masa rigakafin fulu (mura mai tsanani) a hanci. Na yi niyyar zuwa, sai wata maƙwabciyata ta ce ta karanta cewa feshin yana ƙara yawan ƙwayoyin da ke kawo nimoniya (ciwon huhu) a hancin yara. Yaron nan ya taɓa kwanciya asibiti saboda ciwon ƙirji yana jariri, har yau ban manta daren ba. Don Allah masu sani ku taimaka min.

Anti Nas: Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai gaskiya a maganarta, amma rabi ta kawo miki. Ƙwayar da ake nufi ita ce numokokas, kuma yara da yawa masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da ita a can bayan hanci ba tare da ta yi musu komai ba. Feshin kuwa bairus ne mai rai da aka raunana, wanda yake hayayyafa a sanyin hanci amma ba ya iya zama a ɗumin huhu. Wani bincike da aka yi a Biristol kan yara masu shekara 2 zuwa 4, wanda ya fito a 2016, ya nuna yawan numokokas ya ƙaru a hancinsu makonni kaɗan bayan feshin. A Gambiya ma an ga ƙaruwa, amma ba mai yawa ba. Ki lura, ƙwayar da ke zaune a hanci aka auna, ba yaran da suka kwanta ciwo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne fulu ɗin kanta. Tana ɗaye fatar hanyar numfashi, ta buɗe wa bakteriya ƙofa zuwa huhu da kunne. A annobar fulu ta 1918 yawancin waɗanda suka rasu nimoniyar da ta biyo baya ce ta kashe su. Kullum hunturu muna ganin nimoniya bayan fulu a ɗakin yara na asibiti. Tun 2013 ake yin feshin nan a ƙasar nan.

Baban Hanifa: Hajiya, duba katinsa na rigakafi. In a Najeriya aka haife shi, ya kamata a ce ya samu allurar PCV, wato rigakafin numokokas, a mako 6, 10 da 14. Ki tafi da katin su gani ko akwai wadda ta rage masa.

Ummu Yasir: Ni ba bakteriya ce ta hana ni ba, sinadarin jelatin na alade da ke cikin feshin ne. Malamai sun saɓa a kai, wasu sun halatta saboda ya rikiɗa. Zuciyata dai ba ta kwanta ba, na nemi allurar fulu aka yi wa nawa ba musu.

Anti Nas: Haka ne yaya, allurar zaɓi ce mai kyau, tunda babu bairus mai rai a cikinta. Bambancin shi ne ta fi gina garkuwa a jini, feshin kuma yana gina ta har a cikin hanci inda cutar take shiga, shi ya sa aka fi ba yara shi. Maman Sadiq, yana da asma? In ƙirjinsa ya yi ƙara cikin kwana 3 kafin ranar, ba a fesa masa, allurar ake ba shi a maimako. Wanda garkuwarsa ta yi rauni sosai ko yake shan asfirin ba a fesa masa.

Maman Sadiq: Ba shi da asma, kuma na ga PCV uku a katin, alhamdulillah. Batun jelatin ne ban sani ba sai yanzu. Zan yi magana da Abbansa yau da dare, gobe in kira su in ji ko suna da allurar a wannan makon.