Ciyar da ƙaramar mesa: abin da masu kiwonta suka faɗa

Mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, daga Ghana da Togo da Benin ake kai ta Turai da Amurka. Da muka zauna da masu kiwonta, kusan duk hirar kan ɓera ta ƙare.

Bakinsu ya zo ɗaya: kada ɓeran ya fi kaurin tsakiyar jikinta. Ƙarama ta ci duk mako, babba kuwa bayan kwana 10 zuwa 14. An fi son ɓeran da aka daskarar, a narkar da shi sarai, a ɗumama shi da ruwa, a miƙa da hantsaki. Mai rai yana cizo, kuma raunin kan daɗe bai warke ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amai. Ɓera ya dawo rabin narke, yana ɗoyi, ita kuma ta galabaita. Yawanci sanyi ne ke jawo shi, ko ɗaukar ta da wuri. Ana so ɓangaren kejinta da ake ɗumamawa ya kai digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Celsius, kuma kada a taɓa ta sai bayan kwana biyu da cin abinci. In ta yi aman, a hutar da cikin mako biyu, sannan a ba ta ƙaramin ɓera. In ya maimaitu, sai likitan dabbobi.

Ƙin cin abinci na makonni bai tayar musu da hankali ba, musamman lokacin saɓa. A riƙa auna nauyinta, in ba ta rama ba a ƙyale ta.