Wai ta yaya ake auna kabon ɗin daji?

Ɗalibi: Salam 'yan uwa, don Allah ta yaya tauraron ɗan adam yake sanin yawan kabon (sinadarin da bishiyoyi ke zuƙa daga iska su adana a jikinsu) da ke dajin Kongo alhali yana can sama?

Malamin gandu: Wslm ƙanena. Ai tsayin bishiyoyi yake aunawa, na'urar GEDI ta NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, da aka harba a 2018 hasken leza (siririn haske mai ƙarfi) take aikawa ƙasa ya dawo, daga tsayin kuma ake ƙiyasta kabon ɗin.

Yaya Babba: Amma dole a shiga dajin fa, da tef muke zagaye kututture daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, gumi sharkaf cinnaku na cizo, sannan a lissafa nauyin busasshen itacen, kusan rabinsa kabon ne.

Ɗalibi: To gajimare fa Malam?

Malamin gandu: Yana tare leza kam, amma rada (na'ura mai aika igiyar rediyo ta dawo) na tauraron Biomass na Turai, da aka harba a Afrilun 2025, yana ratsa gajimare da ganye har kututture.