Sarauniya da ruk a wasan ches: wa ya taɓa ƙarasa ta a kan allo?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu ches. Kowa na cewa in ka rage da sarki da sarauniya, abokin karawarka na da sarki da ruk (ɗan wasan nan mai siffar hasumiya), to ka ci. A kan allo kuwa sai ka ga ruk ya manne wa sarkinsa, kai kana ta cek (barazana ga sarki), ƙa'idar taku 50 na matsowa, wato in kowa ya yi taku 50 a wanga hali ba a ci komai ba, canjaras ne. Wanda ya taɓa shiga wanga hali ya gaya mana yadda ta kaya.

Malamin Lissafi, Arkilla:
Wa alaikumus salam. Na shiga, kuma matsayin Philidor, wato tsarin da gwanin ches Philidor ya nuna a 1777, ne ya fisshe ni. Ga sunayen gidajen allon: sarkina c6, sarauniya a5; sarkinsa b8, ruk b7. In shi ke da taku, duk inda ya kai ruk ya rasa shi. Nawa abokin ya kai shi b1. Sai na yi cek da sarauniya a e5, sarkinsa ya tafi a7. Cek a d4, ya koma a8. Cek a h8, ya dawo a7. Cek a h7. Daga h7 ɗin nan sarauniya na kallon sarki a jere, tana kallon b1 ta karkace. Ya daɗe yana duban allo kafin ya miƙo hannu. In kuwa kai ke da taku, ka bi e5, a1 da sarauniya, ka dawo a5, ka mayar masa da nauyin.

Hajiya Gawon Nama:
Malam, kora sarkin abokin karawa zuwa gefen allon shi ne aiki. Ni na riƙe ruk ne da wani yaro mai saurin hannu. Na ajiye ruk a layi na uku daga gefena, na hana sarkinsa ƙetarawa. Cek ya yi ta yi har munka cika 50, canjaras. Wannan tsaron ba ya karyewa sai da taku na shiru, ka janye sarauniya nesa ka bar ruk ya rasa gidan zama.

Baba Runjin Sambo:
Kada yaron ya ji kunya, Hajiya. A 1978 Walter Browne, wanda ya sha zama zakaran Amurka, ya kara da kwamfutar masanin kwamfuta Ken Thompson a wannan ƙarshe, karon farko ya kasa. Da ya je ya yi nazari ya dawo, sai a taku na 50 cif ya ɗauke ruk. Alhali lissafi ya nuna ko a matsayi mafi wuya taku 31 sun isa. Svidler ma, babban ɗan wasa, ya kasa cin takwaransa Gelfand da sarauniya a Mosko a 2001.

Ƙanin Kowa:
Yayyena, ku kula da tarkon nan, da idona na gani a majalisarmu bayan la'asar. Mai sarauniya ya matsa: sarki f6, sarauniya e6. Ɗayan na da sarki f8, ruk g7. Sai ya tura ruk g6, cek. In an ci ruk, sarki ba shi da wurin taku kuma ba a cek yake ba, canjaras. In an ƙi ci, sarauniya ta tafi.

Ɗan Mabera:
Na gode. Hajiya, in da hali ki riƙe ruk ranar Asabar, ni in ɗauki sarauniya. Malam ya ƙirga mana taku.